Riga Mai Ido

Wata kalma ce ta hana ni rufe ƙamus a wani dare. Wata daban nake nema, ido ya zame ya sauka a kanta: chiton. A ƙarƙashinta an jera ma'ana biyu. Ta farko, rigar da mutanen Girka na dauri suke sawa, maza da mata. Ta biyu, wata halittar teku 'yar dangin dodon koɗi, mai manne wa duwatsun gaɓa. Mai ƙamus ya sa lamba 1, ya sa lamba 2, ya wuce abinsa. Aikinsa ke nan, ban ga laifinsa ba. Ni kuwa sai na tsaya ina kallon ɗan farin filin da ya bari tsakanin lambobin nan biyu, ina tambayar kaina me ya haɗa kifi da kaska. Da na bi sawu, ashe tafiyar shekara fiye da 3,000 ce aka dunƙule a wannan ɗan fili.

Bari mu fara gyara furuci. Bahaushe in ya ga ch a rubutun boko, bakinsa zai tafi ga c ta ciki da cinya. A nan harafin Girkanci ne mai kama da gicciye, wanda mutanen dauri suke furtawa kamar k mai ɗan huci a bayanta. Romawa da suka zo rubuta shi da nasu haruffan sai suka haɗa c da h. Turawan Ingila na yau suna cewa kaiton. Ni kiton zan rubuta, don shi ya fi kusa da bakin masu abin.

Kalmomi masu fuska biyu kashi biyu ne. Akwai waɗanda haɗuwarsu ta kasuwa ce, irin riga ta sawa da riga ta "ya riga ni zuwa". A takarda kamarsu ɗaya, amma kunne ya san ba uwarsu ɗaya ba, tsawon wasali da karin sauti sun raba su. Haka gari na zama da gari na tuwo, haka fari na launi da fari na rashin ruwan sama. Akwai kuma waɗanda jininsu ɗaya, ma'ana ce ta haifi ma'ana: bakin mutum, bakin kogi, bakin wuƙa, bakin zare. Kiton tana cikin kashi na biyu. Rigar ce uwa, halittar tekun kuma 'yar auta ce da aka haifa bayan uwar ta daɗe da barin duniya.

Rigar kanta ba ta da wuyar ganewa ga wanda ya tashi cikin masu ɗaura zane. Ƙyalle ne mai kusurwa huɗu, yadda ya sauko daga masaƙa, ba a yanka shi don a bi surar jiki. Doriyawa, mutanen kudancin Girka irin su Sparta, nasu na ulu ne: a naɗe shi a jiki, a kama shi a kafaɗu biyu da manyan allurai. Yoniyawa, mazauna gaɓar da yau take yammacin Turkiyya, nasu na lilin ne, mai faɗi ƙwarai. Ana ɗinke gefensa, a kama samansa wuri-wuri tun daga kafaɗa har gwiwar hannu, sai ragowar ƙyallen ta zubo kamar hannun riga. Daga nan sai ɗamara. Ita ce take ba rigar sura, don akan ja ƙyallen sama ya ɗan zubo a kanta, a rage tsawo ko a ƙara yadda ake so. Ta mata takan kai idon sawu. Ta samari da sojoji iya gwiwa ce. Maƙeri da manomi kuwa a kafaɗa ɗaya suke kama tasu, su bar hannun dama a sake saboda aiki. Mai fita unguwa sai ya yafa mayafi a sama.

Wanda yake so ya ga kiton da idonsa, akwai mutum-mutumin tagulla na wani mahayin keken doki da aka haƙo a Delfi a 1896, wanda aka ƙera wajen shekara 470 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Yana tsaye, linzami a hannu, rigarsa ta sauko daga ɗamara har kusa da idon sawu a ninke-ninke, tsaye cir kamar ginshiƙi. An ɗaure ta da igiya a kafaɗu don kada iskar tsere ta cika ta. Duk adon wannan sutura a cikin zubinta yake. Tela ba shi da aiki sosai, gwanintar tana ga mai sawa, kamar dai yadda mutum biyu za su sa babbar riga iri ɗaya, ɗaya ya naɗe ta a kafaɗa ka rantse sarki ne, ɗayan kuma ta yi ta sharar ƙasa.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, wannan kalma da take wakiltar Girkawa a idon duniya, su ma aro suka yi. A fadar Knosos da ke tsibirin Kirit an tono allunan yumɓu masu wani rubutu da ya gagari masana rabin ƙarni, har sai da wani Bature mai zanen gine-gine, Michael Ventris, ya warware shi a 1952, aka gane tsohon Girkanci ne. Babu waƙa a allunan, babu tarihi. Lissafin ma'aji ne kawai: tumaki kaza, mai kaza, tufafi kaza. A cikin wannan lissafi akwai ki-to, da yake rubutun gaɓa-gaɓa ne kuma ba ya nuna baƙin ƙarshe. Saiwar kalmar kuwa tana gabas, a harsunan dangin Larabci. A harshen Akkad na tsohuwar Iraƙi, kitu shi ne lilin. A Ugarit, birnin fatake da ke gaɓar Siriya, ana rubuta ktn. A Ibrananci kuttonet riga ce. Larabawa har gobe suna kiran lilin kattan. Kada a haɗa shi da ƙuɗun, wato auduga, wannan gidansu daban. Haja ce ta tsallaka teku da sunanta a goshi, kuma ba ita kaɗai ba: sunan zinariya da na riɗi a allunan wannan rubutu duk daga gabas suka zo. Mu da muke sa kaftani da jabba da alkyabba, muna sayen alharini, ba sai an yi mana dogon sharhi ba. Masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara, amma wannan aron ya rufe Girkawa tun daga kafaɗa har sawu, shekara fiye da dubu.

A lura da abin da ya faru tun a matakin farko. A gabas, kalmar da sunan zare ta fara. Da ta isa Girka sai ta zama sunan sutura, ko da ta ulu ce. Lilin ya fita, riga ta zauna. Wannan shi ne sauyin farko, kuma duk sauran da suka biyo baya irinsa ne: kullum kalmar tana yar da wani abu ta riƙe wani.

Akwai inda ta sake haɗuwa da 'yar'uwarta. A cikin Attaura, rigar da Annabi Yaƙub ya yi wa Annabi Yusuf (AS) kuttonet aka kira ta. Da Yahudawan Iskandariyya suka fassara littafin zuwa Girkanci a ƙarni na 3 kafin Miladiyya, kiton suka sa a gurbinta. Fassarar ta zo daidai wa daida, don kalma ce ta koma gidan kakanninta da baƙon lafazi. Alƙur'ani mai girma kuwa ƙamis ya ce, kuma duk almajirin da ya kai Suratu Yusuf ya san sau uku rigar take fitowa a ƙissar: da jinin ƙarya a jikinta, sannan a yage ta baya, sannan a jefe a fuskar uba ganinsa ya dawo. Tun can riga da ido suna da wata hulɗa. Za mu dawo kan wannan.

Girkawa suna da labarin yadda matan Atina suka bar rigar ulu suka koma ta lilin, kuma labari ne mai jini. Hirodotus, wanda ake yi wa laƙabi da uban tarihi, shi ya kawo shi. Mutanen Atina sun kai hari tsibirin Ijina, aka karkashe su, mutum ɗaya tak ya tsira ya komo gida da labari. Matan waɗanda suka mutu suka kewaye shi, kowacce ta zare allurar kafaɗarta tana soka masa tana tambayarsa ina mijinta, har ya mutu. Mazan birnin suka ga wannan ya fi shan kashin da aka yi muni, suka rasa hukuncin da za su yanke, sai suka sauya wa mata sutura zuwa irin ta Yoniyawa wadda ba ta bukatar manyan allurai. Abokan gabarsu kuma, don tsokana, suka ƙara wa allurar matansu tsawo. Ni dai ina jin ƙanshin tatsuniya a nan, irin wadda ake ƙirƙira bayan yayi ya riga ya sauya don a ba shi dalili. Lilin ya fi ulu laushi da tsada, kuma mai kuɗi ba ya bukatar a yi kisa kafin ya so abin da ya fi laushi. Tusididis, marubucin tarihin da ya fi shi taka-tsantsan, ya ce a zamaninsa ba a daɗe ba da dattawan masu hali na Atina suka daina sa kiton na lilin, suna kama gashin kansu da wani ƙwaro mai kuka irin gyare da aka ƙera da zinariya. A riƙe wannan ƙwaron ma, yana da rana.

Inda kalmar ta fara miƙe ƙafa sosai shi ne a bakin mawaƙa. Homa, a waƙarsa ta yaƙin Taroy, yakan yi wa mayaƙan Girka kirari da masu kiton na tagulla, yana nufin sulkensu. Ƙyalle ya zama ƙarfe ke nan. A wani wuri Hekta na Taroy yana yi wa ƙanensa Paris faɗa kan masifar da ya jawo wa gari da ya ɗauko matar wani, ya nuna masa cewa in ba don mutanen garin matsorata ba ne, da tuni sun sa masa kiton na dutse. Jifa yake nufi, a jefe shi har duwatsu su rufe shi. Magana ce mai sanyin baki da zafin ciki, irin wadda dattijon Bahaushe zai yi maka sai ka je gida ka gane zagi ne. A ɗaya waƙar tasa kuma, Odisiyas ya dawo gida bayan shekara ashirin cikin shigar mabaraci, matarsa ba ta gane shi ba, ta nemi ya siffanta mata kayan da mijinta ya sa in da gaske ya taɓa ganinsa. Sai ya kwatanta sheƙin rigar da ɓawon busasshiyar albasa. Wanda ya taɓa ɗaga ɓawon albasar Galmi ga hasken rana ya san mawaƙin nan ya iya kallo.

Tagulla, dutse, ɓawon albasa. Kalma ɗaya ta ɗauki mafi tauri da mafi laushi, ba ta karye ba, saboda abin da ta riƙe a cikinta ɗaya ne: abin da ya kewaye jiki ya rufe shi. Mu ma haka muke yi da tamu rigar. Muna da rigar filo da rigar katifa. Muna da rigar sulke. A labaran rediyo kullum ana maganar rigar kariya da gwamna yake da ita, wadda ba a taɓa ganin telan da ya ɗinka ta ba. Akan ce wane ya tuɓe rigar mutunci. Babu mai jin waɗannan ya ce an yi wa kalmar fashi.

Daga mawaƙa sai likitoci suka karɓa. A Iskandariyya, farkon ƙarni na 3 kafin Miladiyya, Hirofilus ya feɗe jikin ɗan Adam ya duba cikinsa, abin da ba a saba yi ba a duniyar Girkawa. Da masu irin wannan aiki suka buɗe ido suka tarar da shi fata bisa fata, sai suka kira kowace fata kiton. Ta gaba, mai tauri da haske kamar ƙahon da aka fere, ita ce riga mai kama da ƙaho. Ta can ciki, mai jijiyoyi a baje, Hirofilus ya kwatanta ta da komar masunta, ta zama riga mai kama da koma. Likita Jalinus ya gaji waɗannan sunaye ya yaɗa su. A Bagadaza ta ƙarni na 9, Hunain ɗan Is'haƙ ya juya ilmin zuwa Larabci, kuma yana da littafi sukutum a kan ido. A Larabcin sai rigar ta faɗi, aka ce ɗabaƙa, wato hawa, amma ƙahon da komar suka tsira: ƙarniyya da shabakiyya, sunayen da likitan ido a Alƙahira ko Khartum yake faɗa har yau. Masu Latin kuwa tunika suka ce, kalmar da masana da yawa suke ganin ita ma daga waccan saiwa ta gabas ta fito, baƙaƙenta ne suka sauya wuri.

Saboda haka ranar da Karl Liniyas, masanin halittu na ƙasar Swidin, ya zo raɗa wa dabbobi suna a bugu na goma na littafinsa Systema Naturae a 1758, kalmar ta daɗe da sabawa da yawo. Ba wanda ya sa rigar shekaru aru-aru, tana kwance a littattafai. Ya ɗauko ta ya ɗora wa wata halitta da ya jera cikin tsutsotsi masu ɓawo. Wannan bugu shi ne mafarin sunayen dabbobi na kimiyya da ake amfani da su yanzu, don haka sunan ya zauna daram.

Halittar ba ta da kwarjini a kallon farko. Siffarta kamar ƙwai da aka raba biyu aka kife, yawancinsu ba su wuce tsawon yatsa ba, launinsu na dutsen da suke kai. A bayanta akwai falle takwas na ɓawo, kowanne ya ɗan hau kan na bayansa kamar jerin kwanon rufi. Takwas ne cif, a kowane jinsi, kuma jinsinsu masu rai sun haura 900. Kewaye da fallayen akwai wata tsoka mai tauri da ta riƙe su, wadda masana suke kira ɗamara. Ka ji fa: riga da ɗamararta. A ƙasa ƙafa ɗaya ce faffaɗa, da ita take kama dutse kamu irin wanda igiyar ruwa ba ta iya ɓamɓarewa. In aka yi dabara aka cire ta, sai ta dunƙule kamar bushiya, kuma rabuwar fallayen ce take ba ta damar yin haka, abin da dodon koɗi da gidansa guda ba zai iya ba. Da rana tana lafe. Da dare takan fita kiwon gansakuka a fuskar dutse, wasu jinsin kuma kafin gari ya waye sukan koma daidai gurbin da suka baro. Kakanninta suna cikin teku tun kimanin shekara miliyan 500 da suka wuce. Wato mai rigar ta girmi sunan rigar nesa ba kusa ba.

A ganina kiton ɗin Homa ta tagulla ce ta dace da wannan halitta, fiye da lallausan lilin na dattawan Atina. Turawan Ingila ma da suka ba ta suna na gida, rigar sulke suka kira ɓawonta. Sauran al'ummu kowa da abin da ya gani. Jamusawa sun ga buzuzu. Masu Sifaniyanci a wasu gaɓoɓi sun ga kyankyaso, suka ce kyankyason teku. Japanawa sun ga ƙoƙon gwiwa. 'Yan asalin Alaska da suke cin wata baƙa daga cikinsu suna kiranta da sunan ƙaramin kwalekwalensu na fata. Wannan baƙar, da wani masani ya fara siffanta ta a 1815, Chiton tunicatus ya sa mata, Girkanci a gaba Latin a baya, ma'ana riga mai riga. Babbarsu duka tana arewacin tekun Fasifik, daga Kalifoniya zuwa Alaska har Japan, takan haura santimita 30, kuma fata ta lulluɓe fallayenta gaba ɗaya ba a ganinsu. Sunanta Cryptochiton, ɓoyayyar riga.

Abin al'ajabin yana ga haƙora. Kamar sauran danginta, tana da wani harshe mai kama da magagari, jere da haƙora sahu-sahu, 17 a kowane sahu. A 1962 Heinz Lowenstam, wani masani a Kalifoniya, ya bayyana cewa kan manyan haƙoran an lulluɓe shi da baƙar tama, irin wadda maganaɗisu yake ja. Kafin nan ana ɗauka sai da zafi da matsi na cikin ƙasa wannan ma'adini yake samuwa, ba a san mai rai yana iya ƙera shi a jikinsa ba. Ga shi kuwa wata 'yar halitta marar ƙashi tana yinsa a ruwan sanyi, ba zuga-zugi ba gawayi. Da shi take kankare dutse ta cinye abin da ya tsiro a kai. In na gaba sun dakushe sai su zube, sababbi su matso daga baya, haka har ƙarshen rayuwarta. Barazanar da Hekta ya yi wa ƙanensa, ita a wurinta zaman yau da kullum ne: dutse a baya, dutse a ƙasa, ƙarfe a baki.

Sai ido. A kanta babu ido ko ɗaya. Amma a 1885 Henry Moseley, wanda ya zaga duniya a jirgin bincike na Challenger, ya ba da labarin cewa wasu jinsin suna da idanu a cikin ɓawonsu. Ɗaruruwa ne, ƙanana kamar ɗigon allura, a warwatse a fallayen. A 2011 Daniel Speiser da abokan aikinsa suka nuna cewa madubin kowane ido, a wani jinsi na tekun Karibiyan, da aragonait aka yi shi, wato irin ma'adinin allin da aka gina ɓawon kansa da shi. Namu madubin idon na furotin ne, nata na dutse. Wani bincike na 2015 ya nuna idon yana iya hango surar kifi mai tsawon santimita 20 daga nisan kusan mita biyu. Gani ne dishi-dishi, amma ya isa ta san maƙiyi ya taho ta ƙanƙame dutse. Ruwa da yashi suna goge tsofaffin idanun, sababbi suna fitowa a gefen falle yayin da take girma.

A nan ne na ajiye littafi na yi shiru. Likitocin Iskandariyya sun buɗe ido sun sami riga a cikinsa. Bayan shekara fiye da 2,000, wasu suka duba rigar suka sami ido a cikinta. Liniyas bai san da idanun ba lokacin da ya raɗa sunan, likitocin kuma ba su yi mafarkin kalmarsu za ta ƙare a bayan wata halittar gaɓar teku ba. Ba wanda ya shirya wannan. Ban kuma ce akwai wani sirri a ɓoye ba, kalma ba ta duba. Abin da nake gani shi ne, sunan da aka raɗa bisa kyakkyawan kallo yakan ci gaba da dacewa da abin ko bayan an gano abin da mai raɗawar bai sani ba.

Saura ƙwaron nan na gashin dattawa. A 1811 wani Bafaranshe, Henri Braconnot, ya fitar da wani sinadari mai tauri daga naman kaza. A 1823 wani ɗan ƙasarsu, Auguste Odier, ya sami irinsa a fiffiken ƙwaro, ya nemi suna, ya koma ga tsohuwar rigar Girkawa ya ce kitin, tun da shi ne suturar ƙwari, har da irin wanda dattawan Atina suke ado da siffarsa. Shi ne ɓawon kyankyaso da na kunama da na ƙaguwa. Shi ne kuma abin da yake ƙaras-ƙaras a baki in ka sayi soyayyar fara da yaji a Maraɗi ko Maiduguri. Mai cin fara rigar Girkawa yake taunawa bai sani ba. Har haƙoran halittar tekun nan, a kan saƙar kitin ake jera ƙarfensu.

Mai karatu zai iya cewa, to mu ina ruwanmu, mu da teku ta yi mana nisa? Sai in ce ya laluba aljihunsa. Kalmar kuɗi asalinta jam'in wuri ce, wuri kuwa ɓawon wata halittar teku ne, 'yar dangin wannan da muke magana a kai. Daga tsibiran Maldif na tekun Indiya ake kwaso shi, jiragen Turawa su sauke shi a gaɓar Afirka ta Yamma, fatake su hauro da shi arewa. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Da Baturen nan matafiyi Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ake ba da shi a kan dala ɗaya ta azurfa. Yau ba mai sayen ko gishiri da wuri, amma takardar naira kuɗi ce, sefa kuɗi ce, lambobin da ke shigowa waya ma kuɗi ne. Tasu kalmar ta tashi daga jikin mutum ta faɗa teku, tamu ta fito daga teku ta shige aljihu. Kuma a cikin wancan littafi na 1758, Liniyas ya raɗa wa wurin namu suna Cypraea moneta, kalmar ƙarshen tana nufin kuɗi. Da rigar Girkawa da kuɗin Kanawa, hannu ɗaya ne ya rubuta su a shekara ɗaya.

Wata rana wani malami zai zauna rubuta littafin ilmin halittu da Hausa, ya iso kan wannan halitta, ya tsaya da alƙalami a sama. Hanya biyu ce a gabansa. Yana iya bin al'adarmu ta raƙumin dawa, ya dubi abin ya kira shi da abin da ya sani, ya ce sulken teku. Sunan yana da daɗi, yaro zai riƙe shi nan take, musamman wanda ya taɓa ganin 'yan sulke a hawan sallah, ko da yake sulkenmu zobba ne aka sarƙa, nata kuwa falle-falle ne. Yana kuma iya aron kiton yadda take. Na daɗe ina auna su. Sulken teku ya faɗi siffa, amma ya yanke zaren da ya haɗa halittar da allunan Knosos, da kattan na Larabawa, da idon Hirofilus, da farar Maraɗi. Kiton kuwa ba ta yi wa bakin Bahaushe nauyi, kuma ɗalibin da ya gamu da ita sau biyu, a darasin tarihi da na halittu, dole ya ɗaga hannu ya tambayi dalili.

Ni dai kiton na zaɓa, da k, ga rigar da halittar duka, a ajiye sulken teku ya zama kirarinta. Malaman Hausa da masu hikimar raɗa suna, wanda yake da abin da ya fi wannan ya kawo mu gani.